Huhana da Ganyen Rafin Mama

Ƙanwata Huhana ba ta taɓa zubar da ruwan da aka dafa dankali a ciki ba. Da shi take kwaɓa burodi. Ɓawon kabewa na kaji ne, ƙashin kaza sai ya shiga tukunya sau biyu kafin kare ya gan shi, kitsen da ya taso a saman romo kuwa akwai gwangwanin da take tara shi don suya. Shekara sittin da ɗaya ta yi a duniya, ban taɓa jin wanda ya shiga gidanta ya fito da yunwa ba. Ni ce yayarta, Ripeka, na girme ta da shekara uku, kuma gara in faɗa tun yanzu: tun tana yarinya nake ƙyashinta, har yau da take kwance a kan tudu ban gama ba.

Mamarmu mai dafa wa masu askin tumaki abinci ce. Lokacin aski na yi sai a loda mu a bayan mota, mu da bargunanmu da wata ƙatuwar tukunya da za a iya yi wa yara biyu wanka a ciki, mu bi gona-gona a tsaunukan gabas. Maza ashirin, ci biyar a rana, mai gona kuwa ba ya ba da komai sai tsohuwar tunkiya da buhun fulawa. A nan Huhana ta koyi sana'arta. Tana da shekara tara ta san yadda ake jan tunkiya ɗaya ta kai kwana uku: cinya ranar farko, haƙarƙari rana ta biyu, rana ta uku wuya da ƙashi a tukunya da ganyen rafi. Ni warin maiƙon ulu kawai nake ji, ina mafarkin ranar da zan gudu. Mama kan ɗanɗana romo ta miƙa wa Huhana cokalin ta ce, "Me ya rage?" Ni ba ta taɓa miƙo mini cokalin nan ba. Aike ne rabona.

Ina cika sha tara na tafi birnin Auckland, daga can na tsallaka Australiya. Abin dariya, girkin da na gudar wa shi ya ci da ni. Shekara talatin da ɗaya na yi a kicin ɗin sansanin masu haƙar ma'adinai, inda nama ke zuwa a tirela, abin da ya rage kuma a zuba a shara ba mai ko waiwaye. Na samu kuɗi, ba na ɓoyewa. Ni na aiko aka sake rufin gidan Mama. Ƙatuwar firizar da ke bayan gida, ni na saya. Amma in na buga waya, kafin Mama ta tambayi lafiyata sai in ji, "Kin ji abin da Huhana ta yi? An yi rasuwa, mutum ɗari biyu, kwana uku ta ciyar da su da buhun dankali biyu da barewa ɗaya."

"Mama, ni fa mutum ɗari takwas nake ciyarwa kullum."

"Ai ke kamfani ke sayo miki."

Sai in ajiye waya in wuni ina masifa da masu wanke-wanke.

Huhana ba ta taɓa wuce Gisborne, birnin da ya fi kusa da mu, ba, nan ma asibiti ke kai ta. Ta auri Rewi mai kafa shingen gona, ciwon ƙirji ya ɗauke shi ya bar mata yara huɗu da lambu. Da lambun ta raine su. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kullum cikin tsohuwar rigar sanyin mijinta da takalmin roba wanda ɗaya ya fi ɗaya girma. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da tana da baki da na samu abin riƙewa.

A marae ɗinmu, wato gidan taron danginmu, in an gama cin abincin taro, babban dattijo kan miƙe ya gode wa masu girki, ya kira sunan wadda ta riƙe kicin. Suna ɗaya ake kira. Shekara ashirin da shida ana kiran na Mama, da ƙafafunta suka gaza aka koma kiran Huhana. Ni duk abin da nake so a duniya, tun ina yarinya mai aike, shi ne wata rana in ji an kira nawa a ɗakin nan.

Mama ta rasu a watan Oktoba. Na iso da ƙyar a rana ta uku, a cikin ruwan sama, mota ta kai mu sabuwar maƙabarta mai farin shinge a kan tudu, da yake teku ya fara cin tsohuwar tun shekaru goma sha biyu da suka wuce. Da aka zo rabon 'yan kayanta, Huhana aka bar wa tukunya. Ni aka ba ni bargo da hoto. Na koma na ajiye aiki, a watan Mayu na dawo gida gaba ɗaya, ana saura wata biyu Matariki, bikin sabuwar shekararmu da ake yi idan taurarin kaza da 'ya'yanta sun fito. A asubar Matariki ne ake kiran sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, bana kuma har da na Mama. Na ce a raina, wannan taron kam nawa ne.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ambaliyar ƙarshen bazara ta share gonaki, ta karya hanya, farashin kabeji ɗaya sai ka riƙe baki. Muka zauna taron shiri a ɗakin cin abinci, kowa da hula da bargo, hucin bakinmu yana tashi. Gwaggo Erana, ƙanwar mahaifinmu, ita ke riƙe da asusu, kuma bakinta ya fi wuƙarta kaifi.

"Dala ɗari huɗu gare mu," in ji ta, "mutum ɗari da hamsin ake sa rai. Mai dabara ya yi magana."

Na gyara zama. "A bar mini. Ni zan sayo komai daga aljihuna. Matarikin Mama ne, ba za a ci ƙashi ba."

"To fa! Australiya ta yi magana," in ji Gwaggo. "Huhana, ke fa?"

Huhana tana can gefe tana gyara hannun wata wuƙa da zare. Ko kai ba ta ɗaga ba. "Ɗari huɗun ma ta yi yawa, Gwaggo. Fulawa da sukari da ganyen shayi kawai za a saya. Saura yana gida."

"Wane gidan?" na ce. "Ruwa bai tafi da komai ba?"

"Kabewata a kan rufin rumfa take, bai kai can ba. Dankali yana akwati. Ƙashi da wuya kuwa tun askin Maris nake tarawa."

"A firizata."

Ɗakin ya fashe da dariya, har da ita. "A firizarki, Yaya. Tana ma gaishe ki."

Koro Tamati, dattijon da zai yi jawabin ranar, ya share hawayen dariya ya ce a bar wa Huhana kamar kullum, Ripeka ta taimaka. Ta taimaka! Na ji kalmar nan har cikin haƙorana.

Ban haƙura ba. Washegari na tuƙa mota awa huɗu a kan karyayyiyar hanya zuwa Gisborne, na shiga babban kanti kamar mai rama faɗa. Kaji talatin daskararru, man shanu, kirim, kwalayen kek, har da wani inabi da ya tsallako teku kamar ni. Na jibge mata a ƙofar gida ina jiran in ga fuskarta. Ta duba, ta ɗaga kaza ɗaya ta auna a hannu, ta ce, "Masu kyau ne. Sa su can ƙasan firiza, Yaya, za su yi amfani wata rana." Kamar wadda na kawo wa tsumma.

Makonni shida na yi a gidan ina kallonta. Ta gasa burodi huɗu ta kai wa masunta, ta dawo da bokiti biyu na kawunan kifi, ta kyafe su a tsohuwar ganga. Wutar lantarki ta yi tsada, sai ta koma murhun itace, itacen kuma ga shi nan ambaliya ta jibge a bakin teku kyauta. In wake ya tafasa sau ɗaya sai ta sauke, ta naɗe tukunyar da barguna biyu, ta tafi lambu, kafin ta dawo ya nuna da kansa. Har bargon da Mama ta bar mini sai da ya yi wannan aikin. Mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da ƙwai, waccan da lemon tsami, kowa "Huhana, ya zan yi da wannan?" Ni kuwa a ce, "Sannu Ripeka, ya sanyi?" a wuce ni kamar kujera.

Abu ɗaya ne kawai na ga ya hana ta sukuni, wato ganyen rafi. Romon ƙashi ba ganyen rafi ai ruwan zafi ne, ambaliya kuwa ta kankare rafuka har dutse. Kullum da safe sai ta ɗauki jarkar ruwa da buhu ta bi ta bayan gari, bayan awa biyu ta dawo ba jarka, da ɗan ganyen da bai cika hannu biyu ba. Ta ɗan tafasa shi ta dunƙule ta sa a firiza.

"A ina kike samowa?" na tambaye ta wata rana.

"Can baya."

"Bayan ina?"

"Haba Yaya, kin daɗe a waje. Wa ke faɗin wurin ganyensa?"

Gaskiyarta ne, a wurinmu mace ta gwammace ta faɗa miki laifin mijinta da ta nuna miki inda take tsinkar ganye. Wasa take yi. Ni kuma na ɗauka da zafi. Na kwana ina juya maganar, sai na tuna da rafin Mama, ɗan siririn rafin da ke fitowa daga gindin jan tudu ta baya, inda take kai mu muna yara mu shiga ruwa har gwiwa muna rawar sanyi. Na ce, ashe! Har rafin ma ita ta gada.

Ranar Alhamis, jajiberin taron, gari na wayewa na ɗauki buhu da wuƙa na fita. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana karyewa a ƙarƙashin takalmina. Na kutsa ta cikin ƙaya na sauka. Da na ga rafin sai da na dafe ƙirji. Ganye ne shar, ya rufe ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan, karansa kaurin ɗan yatsa, ba alamar wuƙa ta taɓa shi. Na ce, "Munafuka! Tana da wannan take kukan babu, don gobe ta fito da shi a ce ta yi abin mamaki." Na shiga jar laka na yi ta yanka, hannuna ya mutu da sanyi ban ji ba. Na cika buhu har sai da na danna da gwiwa. Duk tsawon lokacin nan kaina a sunkuye yake. Da sau ɗaya tak na ɗaga shi, da na ga farin shingen da ke samana.

Da na isa kicin ɗin marae ba kowa. Matan suna babban ɗaki suna shirya tebura, Huhana ta koma gida fito da burodi. Tukunyar Mama tana kan wuta tun sassafe, cike da ƙashi da wuyan wata huɗu, ƙamshi ya cika ko'ina. Na wanke ganyena, na yayyanka, na yi ta zubawa yana lafawa ina ƙarawa har buhun ya ƙare. Na ɗaura ƙyallen girki na jingina da tebur ina jira. Daɗin da na ji a minti goman nan, ban taɓa jin irinsa a Australiya ba.

Ta shigo rungume da burodi. Ta ajiye, ta buɗe murfi, tururi ya bugi fuskarta. Ta tsaya. Ta sa ludayi ta ɗauko kara ɗaya ta ɗaga shi tana kallo.

"Yaya, wa ya kawo wannan?"

"Ni. Ai ba ke kaɗai kika san can baya ba."

"A ina kika yanko?"

"Rafin Mama mana. Kin zaci na manta hanya?"

Ta mayar da murfin a hankali. Ta kashe wutar. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da muka binne Mama.

"Yaya," ta ce, muryarta can ƙasa, "ruwan nan daga ƙarƙashin Mama yake fitowa."

Ban gane ba da farko. Sai ta ce, "Jan tudu. Ta gaba aka kai ki a mota. Shekara goma sha biyu ba wanda ya yanki ganye a wurin."

Na zauna a kan buhun dankali. Jarkar da take ɗauka kullum, ruwan wanke hannu ne take ajiyewa a ƙofar maƙabarta, ta gaishe da Mama, sannan ta haura dutse ta sauka wani kwari can nesa inda take samo ɗan abin da take samowa. Ko yaron goye a garinmu ya san ba a haɗa abin maƙabarta da abin ci. Ni ma na sani. Ba mantawa na yi ba, idona ne yake kan ƙanwata ban ga tudu ba.

"Ba wanda ya sani," na ce, kuma har yau ina jin kunyar wannan maganar. "In muka yi shiru..."

"Ni na sani," ta ce. "Ɗauko baro."

Muka ɗaure murfin da igiya, muka sa tsumma muka ciccibi tukunyar mu biyu, romo yana zubo mana a takalmi. Ta jefa ludayin, da wuƙata, da katakon yanka, da buhun. Muna fita ta ƙofar baya sai ga Gwaggo Erana da tulin farantai.

"Ke! Ina za ku kai abincin mutane?"

Na buɗe baki. Huhana ta riga ni.

"Ya juya, Gwaggo. Ni ce na fito da ƙashin tun shekaranjiya na manta shi kusa da murhu. Ba zai ciwu ba."

"Ke? Huhana? Ke kika ruɓar da nama?" Gwaggo ta ajiye farantan ta riƙe ƙugu. "Yau na ga abin da ya ishe ni. Wata huɗu kina tara ƙashi kamar kare, ki tashi ki zubar ana gobe taro? Tsufa ne ya kama ki ko me? To me mutum ɗari da hamsin za su ci, haƙurinki?"

"Yaya ta yi tanadi," in ji Huhana. Ta tura baro muka wuce.

A gindin tudu muka haƙa rami, nesa kaɗan da rafin. Ba a ba kare irin wannan, ba a zuba wa kaji. Na zaci za mu juye ne mu koma da tukunyar.

"Har ita?" na ce.

"Har ita."

Tukunyar da ta raine mu ce, wadda na yi wata tara ina jin haushin ba a ba ni ba. Huhana ta durƙusa ta dafa murfin da tafin hannunta, ta daɗe haka, sannan ta yi addu'a muka rufe. Ta haura ta ɗauko jarkarta, muka wanke hannu, ta yayyafa mana ruwa a ka.

"Ki zage ni mana," na ce. "Ki ce wani abu."

"Ba ni da lokaci, Yaya. Kajinki nawa ne?"

"Talatin."

"Mu je."

Abin da ta yi da kajin nan a yammacin ranar, ni da shekara talatin da ɗaya a kicin ban san ana yi ba. Ta jiƙa su a ruwan sanyi a bahon wanki tana canza ruwan har suka saki. Kowace kaza ta raba ta goma. Ƙashin baya da wuya da fiffike suka shiga tukwane huɗu na aro suka zama romo, kabewa da dankali suka cika sauran wurin, ta yi dunƙulen fulawa ya fi ɗari uku, a ƙarshe ta warware 'yan dunƙulen ganyenta na wata biyu ta raba wa tukwanen kamar magani. Ni fira kawai na yi. Na fere kabewa tara.

Da asuba muka tsaya a bakin teku cikin barguna, taurarin suka fito ƙasa-ƙasa ta gabas. Aka buɗe ɗan ramin da aka gasa abinci a ciki bisa al'ada, tururi ya tashi sama, aka fara kiran sunaye. Da aka zo kan na Mama, Huhana ta lalubo hannuna a cikin bargo ta riƙe. Hannunta kaushi kamar ɓawon itace. Na yi kuka, amma ko ni ban san kukan wanne nake yi ba.

Aka shiga ɗakin cin abinci, aka ci, aka ƙara, aka side kwano da burodi. Kek ɗin kanti da kirim da inabina suka bi baya. Sai Koro Tamati ya dogara sandarsa ya miƙe, ɗaki ya yi tsit.

"Bana mun ga abu," ya ce. "Tukunya ta ba mu kunya ana gobe taro. Amma marigayiya ba 'ya ɗaya ta haifa ba. Wadda ta tafi ta dawo, ba ta dawo hannu rabbana ba. Ripeka, 'yar gidan nan, mun ci, mun ƙoshi, mun gode."

Tafi ya tashi, matan suka ɗauki waƙa. Shekara hamsin ina jiran wannan minti. Na waiga, ga Huhana a ƙofar kicin da kumfar sabulu har gwiwar hannu, tana tafawa tana murmushi. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in miƙe in faɗi gaskiya. Ban miƙe ba. Na zauna na sunkuyar da kai kamar mai kunyar yabo, na karɓa.

Daga ranar aka sa mata ido. Mai barkwanci in an fito da nama sai ya ce, "A ɓoye kada Huhana ta ajiye mana kusa da murhu." Ita ma ta yi dariya. Da aka tambayi tukunya ta ce gindinta ne ya huje. Matarikin da ya biyo baya ni aka ba kicin, ita tana bayana tana raɗa mini, "Rage gishiri, Yaya. Kada ki zubar da ruwan dankalin nan." Aka sake kiran sunana. Sau da yawa na shirya yi mata magana, sai ta kawar da zancen da wani aiki.

A watan Afrilu muka same ta a lambu, zaune a tsakanin kabewa, ta jingina da shinge, wuƙa a cinyarta. Likita ya ce zuciya ce. Mutanen da suka zo jana'izarta sun fi ɗari huɗu, har da tsofaffin masu aski da ta dafa wa tana yarinya, kuma kwana ukun nan daga firizarta da akwatin dankalinta aka ciyar da su. Ko a mace ita ta riƙe kicin.

A rana ta uku, bayan an dawo daga tudu, na samu Gwaggo Erana ita kaɗai tana goge cokula. Na zauna kusa da ita na faɗa mata komai, tun daga buhu har rami. Ta saurara ba ta daina gugar ba.

"Kin gama?" ta ce.

"Na gama."

"Ke dai Australiya ta cinye miki kai. Jar laka wuri ɗaya take a garin nan, kuma ranar har gwiwa take a ƙafarki. Kin zaci makauniya ce ni? Naman da ya juya kuma haka yake ƙamshi?"

"Kin sani? To masifar da kika yi mata fa?"

"Ai sai da na yi da ƙarfi don na cikin ɗaki su ji." Ta jefa cokali a tire. "Da yamman ranar Huhana ta same mu ni da Koro. Ta ce a kira sunanki. Na ce a kan me? Ta ce, 'Gwaggo, in ba a kira ta bana ba, komawa za ta yi. Ni kuma na gaji da zama ba Yaya.'"

Na tashi na fita bayan kicin na tsaya wurin tulin itace. Na yi kuka, kuma wallahi a cikin kukan akwai haushi. Girki ta fi ni, haƙuri ta fi ni, sunan da na ɗauka na ƙwace ashe ita ta zuba mini a kwano kamar yadda take zuba wa kowa.

Yanzu ni ke ɗaukar jarka da safe. Ina bi ta bayan gari, in wuce rafin, ganyen yana nan shar ya kusa rufe inda muka haƙa rami. In haura in ajiye ruwan a ƙofa in shiga. Wuri ɗaya ne ya rage a gefen Mama, tun ranar da aka binne ta na sa masa ido, ban faɗa wa kowa ba. Ni ce babba, lissafi ya nuna nawa ne. Huhana ce kwance a wurin. Kullum sai na cire mata ciyawa, in zauna a tsakaninsu in ce, "Ke, ko nan ma ba ki iya jirana ba?"